Kyamarar mota da batir: kurakuran da na gaji da gani a Jidda

Tun da kyamarar gilashin mota ta yi araha, kusan kowane direbanmu a Jidda da Makka ya liƙa ɗaya, kuma ban ga laifin kowa ba. A goge maka mota a ƙofar gida ko a bakin masallaci, mai laifi ya tsere, ka kira Najm, kamfanin da ke duba haɗurran mota don inshora a Saudiyya, ba ka da hujja, kafili, wato ubangidan da kake aiki a ƙarƙashinsa, kuma kai zai tuhuma. Shi ya sa kowa yake son kyamarar ta ci gaba da ɗauka ko an kashe mota, kuma a nan ɓarna take farawa. Mota tana tafiya, dinamo ne ke ciyar da kyamara. Da ka zare makulli, batir ne kaɗai yake ɗauke da ita har ka dawo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna lafiyar batir da cewa "ai tana tashi". Ɗan'uwa, tashin mota ba shaida ba ce. Batir zai iya tayar da mota yau alhali rabinsa ya riga ya mutu. Ka sayi mitar auna volt, ba ta da tsada, ka auna kan batir da safe kafin ka murza makulli, bayan mota ta kwana a kashe. Idan ka ga volt 12.6 ko 12.7, a cike yake. A 12.4 saura wajen kashi uku cikin huɗu, a 12.2 rabi, a 12.0 kwata. Daga 11.8 zuwa ƙasa kusan babu komai a ciki. Ka lura tazarar cike da wofi ba ta kai volt ɗaya ba, shi ya sa mutum yake ganin 12.0 ya yi murna wai ai batirin volt 12 ne. Kada kuma ka auna da ka dawo daga tafiya, don a lokacin zai nuna maka 13 ko kusa, ragowar caji ce da ke kwance a saman faranti, awanni kaɗan ta baje. Wanda kake gani, 13.8 zuwa 14.4, lokacin da inji ke aiki, wannan ƙarfin dinamo ne, bai faɗa maka komai game da batir ba.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai: haɗa kyamara da wutar da ba ta yankewa ba tare da na'urar da ke kashe ta idan batir ya yi ƙasa ba. Wannan ya taɓa cin albashina. Wani shago a Sana'iyya, unguwar kanikawa, shi ne ya haɗa min a motar gidan da nake aiki, yaron ya soka waya a fiyus mai wuta kullum, ya naɗe da salatif, ya ce shi ke nan. Muka tafi ziyara Madina da wata motar, muka bar wannan a rumfa. Da muka dawo ko fitilar ciki ba ta kama ba, rimot ma ya ƙi buɗe ƙofa. Aka yi mata ishtirak, wato joni da batirin wata mota, ta tashi, kowa ya ce ai an gama. Ba a gama ba. Batirin da bai daɗe a motar ba ya koma sai an yi masa joni kowace safiya, daga ƙarshe aka canza shi, aka cire kuɗin a albashina.

Abin da ya faru a cikinsa sananne ne. Batirin mota na gubar dalma da asid an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan, dinamo ya mayar masa nan take. Ba a yi shi don a tsotse shi a hankali har ƙasa ba. Idan ya zauna a wofi, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantinsa, kuma wanda ya yi tauri caji ba ya narkar da shi. Duk faɗuwa ɗaya tana rage masa ciki har abada.

To wasu sun ji wannan sun sayi wayar haɗi mai yanke wuta, sai kuma su ajiye ta a 11.8 don kyamara ta daɗe tana ɗauka. Haba jama'a! Wannan ai jira kake sai batir ya ƙare sannan ka ce a tsaya. Masu araha da yawa ma a 11.6 aka kulle su, ba a canzawa, irin waɗannan ko kyauta aka ba ni ba na sawa. Ni a 12.4 nake ajiye tawa da rani, idan zafi ya sauka na mayar 12.2, ba na gangarawa ƙasa da haka. Na san akwai masu cewa 12.0 ya isa, kuma a ƙasar da batir ke shekara huɗu ko biyar wataƙila su yi gaskiya. Nan zafi yana ƙafar da ruwan batir yana cin farantinsa, wanda ya shekara biyu lafiya sai a gode wa Allah. Mai rauni ba a ɗora masa kaya.

Ka yi lissafin da kanka. Kyamara mai ido biyu, gaba da baya, tana cin wajen wat 4, wato kusan sulusin amfiya. A awa 24 ta sha amfiya-awa 8 ke nan. Batirin Camry ko Elantra yana tsakanin amfiya-awa 55 da 70 yana sabo, wanda zafi ya gasa bai kai haka ba. Direban gida da aikinsa kai yara makaranta da zuwa baƙala, wato kantin unguwa, tafiyar minti goma da AC a ƙure, ba ya mayar da abin da aka sha cikin dare. Kamar mai ɗiban hatsi da mudu ne yana mayarwa da ludayi. Irin wannan motar tana buƙatar doguwar tafiya ta wajen awa ɗaya a mako, ko a ɗora mata caja a gida. Barin ta tana gurnani a tsaye ba ya cika batir yadda mutane suke zato.

Idan lallai kana son ɗauka dare da rana, ka sayi batirin kyamara na daban, irin LiFePO4, wani nau'in lithiyum da ya fi jure zafi, wanda kamfanonin BlackVue da Cellink suke yi. Yana caji kana tafiya, da ka kashe mota kyamara ta koma kansa, na mota ya huta. Ƙarƙashin kujera ake ajiye shi, nesa da rana. Kada ka musanya shi da fawabankin waya, domin cikin motar da aka rufe a ranar Yuli ta Makka ko Riyad zafi yana haura digiri 60, kuma irin wancan lithiyum kumbura yake yi, wani ya kama da wuta. Dalili ɗaya ne ya sa nake cewa a sayi kyamara mai kafasita, wata 'yar na'ura mai riƙe wuta na ɗan lokaci kuma mai jure zafi, maimakon mai batir a ciki.

Wajen soka waya ma ana sakaci. Wayoyi uku ne: ta wuta kullum, ta ACC mai zuwa da makulli, da baƙa ta jikin mota. Kamfanoni suna saɓawa a kan ja da ruwan ɗorawa, don haka takardar da ke jikin wayar za ka karanta, kada ka bi kala. Idan ka juya su, kyamara ba za ta taɓa sanin an kashe mota ba. Fiyus ɗin jakar iska, na birkin ABS da na kwamfutar inji, kada ka kusance su. Ka yi amfani da mariƙin fiyus mai gida biyu, ka sa ƙarami na amfiya 2 ko 3 a gidan kyamara, ka daina naɗa waya a ƙafar fiyus. Baƙar kuma a ɗaure ta a kusa mai shiga tsurar ƙarfe, wadda ba fenti. Kuma idan za ka bi da waya ta ginshiƙin gilashi, ta bi bayan jakar iska.

Sauran ƙanana ne. Ramin kunna taba a yawancin motocin Japan da Koriya yana mutuwa da makulli, a wasu na Amurka yana nan da wuta, ka gwada naka. Danshin Jidda yana sa kan batir ya yi kore, ka wanke shi ka ɗaure da kyau kafin ka zargi kyamara. Mota haibirid batirinta na volt 12 ƙarami ne, kada babban ya ruɗe ka. Memori ka sayi mai jure yawan rubutu, ka riƙa goge shi wata-wata. A fakin ka zaɓi tsarin ɗaukar hoto jefi-jefi ko na farkawa idan an bugi mota, na biyun ya fi kowanne tsimin wuta. Idan za ka tafi hutu gida, zare kyamarar gaba ɗaya.

Hoton da ta ɗauka kuma na Najm ne da Murur, wato 'yan sandan kan titi. Kada ka watsa fuskar mutum ko lambar motarsa a TikTok ko zauren WhatsApp don ya goge ka. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani ko ya ɓata masa suna ta wannan hanya, kuma ga baƙo irinmu iƙama, wato takardar izinin zama, ma tana iya shiga cikin maganar.