Kafin ku ɗora sola a rufin gida a Legas

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar Band A (rukunin da ya fi samun wuta a rana) naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, magidanta daga Agege zuwa Idi-Araba ke ta neman sola. Yawancinsu da sayen farantin sola suke farawa, alhali rage cin wuta ne matakin farko.

A cire ƙwayayen lantarki masu wat 60, a sa LED masu wat 9. Dutsen guga da injin tura ruwa sama a bar su sai an kawo wuta, ko a kunna su da tsakar rana, domin injin na zuƙar ninkin ƙarfinsa wajen sau uku a lokacin tashi.

Sai lissafi: wat na kowane kaya sau awannin da yake aiki. Ƙwai 8 na awa 6, fanka 3 masu wat 60 na awa 10, firji ɗaya, talabijin da cajin waya, duka za su kai yunit 4 a rana. A nan masu haɗa sola da yawa ke yin ganganci, su yi lissafi da hasken ranar Kano. Legas ba haka take ba. Daga Yuni zuwa Agusta hadari ke rufe sama, don haka a ɗauki awa uku da rabi kawai na hasken rana mai ƙarfi, a kuma ware kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi da waya. Abin da zai fito shi ne faranti 4 masu wat 450, inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) mai 3.5kVA, da batirin litiyam na 24V 200Ah. Mai son batir mai ruwa ya sayi 4 masu 200Ah, kada ya sha fiye da rabinsu a dare, ya riƙa duba ruwansu duk wata. Tataccen ruwan batir za a zuba, ban da na famfo.

Farantin ya kalli kudu, a karkace shi kamar digiri 10 don ruwan sama ya wanke shi. Waya ta zama ta sola mai kaurin 6mm², siririya zafi take yi ta cinye wutar. A kafa sandar ƙasa (ƙarfen da ake binnewa don ya kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa) da na'urar kariyar tsawa. Masu zama kusa da teku, irin su Ajah, su nemi ƙarafan alminiyam na ɗaure faranti, iskar gishiri na cin baƙin ƙarfe.

Ɗan haya kuwa ya karɓi yardar mai gida a rubuce kafin a huda kwano.