Yadda Za a Lura da Zuciyar Yaro Idan Asma Ta Yi Tsanani

Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu domin ya ɗauko iskar oksijin, saboda haka duk abin da ya takura huhu sai ya taɓa zuciya. Idan asma ta tashi da ƙarfi, hanyoyin iska kan ƙuntata, iska ta maƙale har huhu ya kumbura, oksijin ya ragu a jini, jijiyoyin jinin huhu kuma su matse, sai ya zama dole zuciya ta yi turi da ƙarfin da ba ta saba ba. A yawancin yara wannan nauyi yana sauka da zarar numfashi ya daidaita.

Abu na farko da ya kamata iyaye su iya shi ne ƙidaya bugun zuciya. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannun yaro ta gefen babban yatsa, ko tafin hannu a ƙirjinsa na hagu, a ƙirga na tsawon minti guda da agogon waya. Ƙa'idar likitocin Birtaniya ta ɗauki tashin asma a matsayin mai tsanani idan bugun ya wuce 140 a minti ga ɗan shekara biyu zuwa biyar, ko 125 ga wanda ya haura biyar. Sai dai a sani cewa salbutamol, maganin shaƙa mai shuɗin gwangwani, shi kansa yana ƙara saurin bugu da rawar hannu, kuma wannan ba dalilin hana yaro magani ba ne a lokacin da yake neman numfashi.

A zaunar da yaro, kada a kwantar da shi. A ba shi fesawa ɗaya ta salbutamol bayan kowane daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa goma, ta cikin mazubin shaƙa, wato bututun roba da ake haɗawa da bakin maganin domin yaro ya shaƙa daga cikinsa. Inda babu mazubin, robar ruwa mai cin rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin maganin tana aiki, kamar yadda wani binciken da aka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu, aka buga a 1999, ya nuna.

Alamar da ta fi yaudarar iyaye ita ce lafawar ƙara. Idan shesshekar ƙirji ta ɗauke alhali yaro ya galabaita, ya kasa magana, yana gyangyaɗi, ko bugun da ke sauri ya fara raguwa, to iska ce ta daina shiga, zuciya kuma ta fara gazawa. A duba harshe da cikin leɓe, domin a baƙar fata can ne shuɗi ko toka-toka ke bayyana. Ko da alama ɗaya aka gani, a nufi asibiti nan take, ana ci gaba da ba shi maganin a hanya.

Bayan an sallamo shi, a riƙe maganin shaƙa na rigakafi kullum yadda likita ya tsara, ko da yaro yana wasansa lafiya, a kuma nisanta shi daga hayaƙin itace da na maganin sauro da ƙurar hunturu. Yaron da ke ƙarar da gwangwani uku na salbutamol a shekara asmarsa ba ta kwanta ba, kuma idan ana ganin kumburin ƙafa, suma, ko saurin gajiya a ranakun da babu tari, a nemi likita ya yi masa hoton zuciya.