Kurakuran da ɗaliban bishara ke maimaitawa idan sun zo Tahoua

Duk dogon hutu sai mun karɓi ɗalibai masu bi da suka tsallako daga Najeriya, wasu daga Jos, wasu daga Zariya ko Kaduna. Sukan biyo ta Illela da Birnin Konni su iso mana Tahoua don aikin bishara na 'yan kwanaki. Ina murna da zuwansu har cikin raina, domin mu masu bin Almasihu a Nijar ba mu da yawa, kuma ganin majami'a cike da matasa yana ƙarfafa mu. Sai dai ayari bayan ayari abu guda ake yi, har bakina ya gaji. Bari in rubuta muku, ƙannena, ku karanta tun kafin ku ɗaure kaya.

Ɓarnar yini tun daga takarda take farawa. Shugaban ayari yakan zo da jadawalin da aka tsara cikin sanyin Jos, an sa ziyarar gida-gida daga sha biyu zuwa uku. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma a wannan lokaci duk mai hankali yana cikin inuwa. Ni abin da na saba shi ne addu'a da asuba, fita da ƙarfe bakwai, dawowa kafin sha ɗaya, sai kuma bayan la'asar. Kowa ya riƙe gorar ruwansa, wanda ya ji jiri ya faɗa, ba abin kunya ba ne.

Ranar farko kuwa ta gaisuwa ce ɗungurungum. Za mu je wurin mai unguwa, mu cire takalmi, mu ce "Baba, ga baƙinmu sun zo, mun kawo su su gaishe ka." Daga nan mu leƙa wurin liman na masallacin da ke kusa da mu, da dattawan layi. Na sha jin ɗalibi yana gunaguni wai an ɓata yini guda ba a yi wa'azi ba. Kai ɗan'uwa, buɗe Luka sura 10 ka gani: waɗanda Ubangiji ya aika, sallama ya fara umartar su da ita a duk gidan da suka shiga, ya kuma ce su ci abin da aka sa a gabansu. Saboda haka idan an miƙo maka fura, karɓi da hannun dama ka sha, kada ka tsaya kana leƙen ƙwarya.

Lasifika ita ce rigimarmu ta kullum da kowane ayari. Sai ka ga an sauke manyan akwatunan sauti da janareta ana neman fili a bakin kasuwa, wani lokaci dab da kiran sallar azahar. A unguwata ban yarda da wannan ba, ko wane ne ya aiko ku. Mu ba mu manta da Janairun 2015 ba, lokacin da fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya sauka a kanmu. An fara a Zinder ranar 16 ga wata, washegari Yamai ta kama, mutum goma suka rasu, 'yan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai. Zaman lafiyar da kuka tarar tsakaninmu da maƙwabta, da zuwa suna da jana'iza da dubiyar marasa lafiya aka gina shi, shekara da shekaru. Idan kuna son magana da samari, ga fada nan a kowane lungu inda ake dafa shayi. Ku nemi izini ku zauna, ku fara da hirar kokowa, tunda a garin nan aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, a 1975 kuma babu saurayin da ba shi da gwaninsa. Su da kansu za su tambaye ku abin da ya kawo ku. Sa'an nan ku faɗi gaskiya, ba ɓoye-ɓoye, ba kuma zagin addinin kowa.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, wato hoto. Akwai wata yarinya maƙwabciyarmu da takan shigo wurin maiɗakina koyon saƙa da karatu, wani lokaci ta zauna ta saurara idan muna addu'ar yamma. Iyayenta sun sani, ba su hana ba, domin sun yarda da gidanmu. Wata ɗaliba daga cikin baƙinmu ta ɗauke ta hoto tana riƙe da Littafi Mai Tsarki, ta sa a Facebook da dare, ta rubuta cewa ga rai guda da aka samu a Tahoua. Ba ta tambaye ni ba, ba ta tambayi yarinyar ba, abin da ta rubuta ma ba haka yake ba. Ita a ganinta 'yan ƙungiyarsu ne kawai za su gani. Ba ta san cewa kusan kowane gida a Adar, wato yankinmu na Tahoua, yana da ɗan ci-rani a Abijan ko Legas ko Libiya ba, kuma kowannensu da waya a hannu. Kafin ayarin ya kai Konni a hanyar komawa, hoton ya riga ya iso wayar mahaifin yarinyar. Aka kwashe yarinyar aka kai ƙauye, karatun ya tsaya. Mahaifinta, mutumin da muka daɗe muna cin tuwo tare, ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "Malam, amana na ba ka." Wace amsa zan ba shi? Matan layi suka janye 'ya'yansu daga gidanmu, maiɗakina ta yi kuka har ta gaji. Ita kuwa mai hoton tana can tana karɓar yabo a ƙarƙashin rubutunta.

Me kuke nema da hotunan nan? Rahoto ga waɗanda suka ba da kuɗin mota? Ku rubuta musu wasiƙa. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ku kwana kaɗan za ku yi ku wuce, mu ne za mu ci gaba da haɗuwa da mutanen nan a famfo da kasuwa da maƙabarta. Dokata yanzu ita ce, idan za mu fita ziyara, wayoyi su kwana a cikin kwando a ɗakina, mutum ɗaya ne zai riƙe tasa saboda larura. Wasu fastoci suna ganin na tsananta, su sukan bar ɗalibai da wayoyinsu bisa alkawari. Ni ba na karɓar alkawari a kan wannan. Kuma ko da mutum ya ba da gaskiya da gaske, shi ne mai ikon faɗa wa danginsa a ranar da ya zaɓa.

Sauran ƙanana ne, amma ku kiyaye. Kada ku ɗauki hoton soja ko jandarma ko ginin gwamnati. 'Yan mata su zo da zane da mayafi, samari su bar gajeren wando a gida. Idan zuwanku ya faɗo cikin azumi, ku ci abincinku a cikin gida. A kasuwa da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, don haka idan mai kabu-kabu ya ce dala arba'in, sefa 200 yake nufi. Takardun tafiya da katin rigakafin shawara su kasance a jikinku, kuma ku tambayi halin da iyaka take ciki kafin ku taso, domin abubuwa sun sauya tun juyin mulkin Yulin 2023. Wanda ke shekarar farko a karatun likita kada ya buɗe jaka yana raba ƙwayoyi. Akwai asibitin gari, akwai kuma asibitin mishan na Galmi da ke aiki tun 1950.

Maganar "mu shiga can ciki inda ba a taɓa kai bishara ba" kuwa, ku bar ta. A Abalak, cikin jihar nan ta Tahoua, aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Oktoban 2016, bai kuɓuta ba sai Maris 2023. A yankin Tillia, shi ma cikin jihar nan, an kashe mutum 137 a rana guda cikin Maris 2021. Idan mai masauki ya ce ba a bin hanya kaza, to ba a bin ta, kuma ba rashin bangaskiya ba ne.

Da dare, bayan sujada, nakan zaunar da kowa in tambaye shi alkawarin da ya yi wa wani a yinin. A nan ake jin abin mamaki: wannan ya ce zai aiko da waya, wancan zai biya kuɗin makaranta, wata za ta nemo wa wani gurbin karatu a Najeriya. Bayan tafiyarku ƙofata ake ƙwanƙwasawa, wasu har suna zaton an aiko na cinye. Wanda ya yi alkawari a gidana, ko dai ya ajiye kuɗin a hannun ma'ajin ikilisiya kafin ya hau mota, ko kuma washegari da safe in raka shi ya je ya janye maganarsa da bakinsa.