Yadda Ake Zaɓen Kalmar da Ta Dace Wajen Maganar Lokaci da Ingilishi

Ɗalibin da ya tashi a Damagaram yakan shiga ajin Ingilishi da harsuna biyu a kansa, Hausar gida da Faransancin lakwal, kuma idan aka zo maganar lokaci kowannensu yana iya kai shi ga kuskure. Wannan bayani zai amfani masu shirin jarrabawar BEPC da Bak, da ɗaliban Jami'ar André Salifou, da kuma ɗan kasuwar da yake rubuta saƙo ga mai sayar masa da kaya a Legas ko Dubai. Dabarar guda ɗaya ce: kafin ka zaɓi aikatau, ka duba abin da ka sa a farkon jimla, shin aikin ne ko kuwa mutumin da yake yin sa.

Idan aikin ne ko tafiyar ke cin lokacin, kalmar ita ce "take", kuma a nan Hausa ta taimake mu, domin mu ma muna cewa aiki ya ɗauki lokaci. Abin da yake buƙatar haddacewa shi ne jerin kalmomin. Ana farawa da "it", sai "takes" ko "took" idan abin ya wuce, sai mutumin idan ana son ambatonsa, sai tsawon lokacin, sannan "to" da aikin. Wanda zai bayyana wa baƙo tafiyar Yamai, mai nisan kusan kilomita 900, zai ce "It takes a whole day to get to Niamey by bus", wanda kuma tela ya ɗinka wa riga cikin kwana uku zai ce "It took the tailor three days to finish it". Wanda ya saba da Faransancin "j'ai mis deux heures" (na ɗauki awa biyu) yakan rubuta "I put two hours", jimlar da mai Ingilishi ba zai gane inda ta dosa ba. Tambayar da ke tafiya da wannan tsari ita ce "How long does it take?". A guji "how many time", domin lokaci a wannan ma'ana ba a ƙidaya shi, kuma da zarar an ce "how many times" tambayar ta koma sau nawa.

Ana iya sa mutum a gaban "take", amma sau da yawa akwai ɗan ƙorafi a ciki. "He took a week to reply" yana nuna cewa mai maganar ya ga an jinkirta masa. Haka nan "take your time" kalma ce ta kwantar da hankali, wato bi a sannu babu gaggawa, alhali idan aka tarbe ka da "you took your time", ba yabo ba ne, ana gaya maka ne cewa ka makara.

Idan kuwa mutum ne a farkon jimla, kuma ana faɗin abin da ya yi da lokacinsa, to "spend" ake so, wadda take zama "spent" ga abin da ya wuce. Wannan ita ce kalmar da suke amfani da ita wajen kashe kuɗi, kuma ba a banza ba, domin masu wannan harshe suna maganar lokaci kamar dukiyar da ake kashewa, a tattala, a yi asararta, har ma a saye ta. Benjamin Franklin na Amurka ya rubuta a shekarar 1748 cewa lokaci kuɗi ne, kuma wanda ya riƙe wannan tunani zai iya hasashen rabin kalmomin tun kafin a koya masa su. Ƙa'idar da ta fi kayar da ɗalibai ita ce aikin da ke bin "spend" yana ƙarewa da "-ing", ba ya ɗaukar "to". Za a ce "I spent two hours waiting at the bus station", ba "to wait" ba. Idan suna ne ya biyo baya sai a sa "on", kamar "She spends a lot of time on her lessons", idan mutum ne kuma a sa "with".

A wannan gaɓa ne ya kamata a dakata sosai, saboda tarkuna uku suna nan kusa da juna. Na farko daga Faransanci yake: "passer du temps" yana sa mutum ya ce "I passed the holiday in Mirriah", alhali "spent" ce daidai. Akwai "pass the time" a Ingilishi, amma ma'anarta rage zaman jira ne, irin abin da matasa ke yi a fada da butar shayi da karta kafin zafin rana ya sauka: "We played cards to pass the time". Na biyu daga Hausa yake, domin wanda ya san kashe kuɗi shi ne "spend money" zai iya juya abin ya ce "kill time", wadda ita ma ba ta wuce cike lokacin da ba a da abin yi a cikinsa ba. Na uku ya fi su haɗari. Mu muna cewa na yi shekara biyu a Kano, kuma babu abin da ya fi wannan sauƙi a bakin Bahaushe, amma "do time" a Ingilishi zaman gidan kaso ne, don haka mai neman aikin da ya rubuta "I did two years in Kano" yana iya sa mai karanta takardarsa ya ɗaga gira. "I spent two years in Kano" ita ce ta fitar da shi.

Wajen maganar asarar lokaci, Faransanci yana da "perdre" guda ɗaya, Ingilishi kuwa ya raba ta biyu. "Waste" ɓata lokaci ne da hannun mutum, akwai zargi a cikinta, "lose" kuma ta abin da ya faɗo wa mutum ce, kamar tayar da ta fashe a hanyar Magariya: "We lost an hour because of a flat tyre". Kishiyarsu "save time" ce. Babu "win time" a maganar yau da kullum, ko da yake "gagner du temps" tana jan harshe zuwa can.

Maganar buƙata ba ta da wuya. Ana cewa "I need more time", babu "of" a tsakani, kuma adadi yana riga "more" zuwa, wato "two more days". Abin lura kawai shi ne bambancin niyya. Mai gyaran waya a kasuwar Dole da ya ce "It will take me two days" ƙiyasi ya bayar, amma idan ya ce "I need two more days" alfarma yake nema. A wasiƙar aiki, a ganina, ya fi kyau a juya buƙatar ta zama tambaya mai ƙayyadadden wa'adi, kamar "Could you give me until Monday?", domin wanda ake roƙo ya fi son jin rana a kan jin uzuri.

Sai "make time", wadda ba ta nufin ƙirƙirar wani lokaci, tana nufin ware shi ne ta hanyar ture wani aikin gefe. Kalmomi uku ne a jere, kowace ta fi wadda ta gabace ta nauyi: "have time" yana cewa sararin yana nan, "find time" yana cewa an lalubo shi a tsakanin hidimomi, "make time" kuma yana cewa an fifita mutum a kan wani abin. Shi ya sa idan babban mutum ya karɓe ka a ofishinsa, godiyar da ta dace ita ce "Thank you for making time to see me" ko "Thank you for taking the time", tare da kiyaye wannan "the" ɗin, domin ita ce ta bambanta ta da ɗaukar lokaci na jinkiri.

Domin abin ya zauna, ka ɗauki aiki guda daga cikin ayyukanka na jiya, misali zuwa ɗaukar takarda a wani ofishi, ka rubuta shi da farawa iri uku: "It took me", da "I spent", da "I needed". Bayan haka ka bi jimlolin da biro kana duba ƙarshensu kawai. Ta farko da ta uku dole ne su ɗauki "to", ta tsakiya kuma dole ne aikinta ya ƙare da "-ing".