Ƙaiƙayin gaba yayin shan antibayotik: abin da za ki yi

Antibayotik yana kashe har da ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tsare farji, sai naman gwari (wani nau'in ƙwayar cuta) mai suna Candida ya samu fili. Alamarsa ƙaiƙayi, zafi, da farin ruwa mai gudaji kamar kindirmo, marar wari.

1. Kada ki daina antibayotik ɗin. Ki shanye yadda aka rubuta miki.

2. Ki samo clotrimazole na matsi: 500mg sau ɗaya, ko 200mg dare 3. Ki wanke hannu, ki kwanta rigingine, ki tura shi can ciki lokacin barci don kada ya zubo. Man shafawarsa kuma a waje, sau 2 kullum. Yana raunana kwaroron roba, a kula.

3. Akwai fluconazole 150mg, ƙwaya ɗaya ta sha, amma mai juna biyu ta guje shi, ta ga likita tukuna.

4. Tsarki da ruwa zalla, a waje kaɗai. Ban da sabulu mai ƙamshi da turaren tsuguno, ƙara ɓarna suke yi. Wando na auduga.

Idan akwai wari, zazzaɓi, ciwon mara, ko kwana 7 ba sauƙi, ki je asibiti. Idan yana yawan dawowa kuwa, a duba sukarin jininki.