Yadda Ake Tattara Tarihin Gidan Masu Shanu: Hanyar Makiyayan Yammacin Amurka da Amfaninta Gare Mu a Legas

A shekarar da aka sayar da gidan kakanmu da ke Agege, ina tsaye ina kallon leburori suna ɓamɓare kwanon zauren da fataken shanu suka shafe shekaru suna kwana a cikinsa, sai ɗan ƙanena ya tambaye ni shekarar da aka gina gidan, da garin da kakan namu ya koro garkensa na farko. Ban iya ba shi amsa ko ɗaya ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Tun daga ranar nake bin dattawa da tsofaffin takardu, kuma a cikin wannan neman ne na fahimci yadda iyalan makiyaya na Yammacin Amurka suke bin diddigin tsofaffin gidajensu. Hanyar tasu tana da tsari, kuma mafi yawanta za ta yi wa ɗan gidan dillalai ko mahauta ko fatake aiki a nan Ikko.

Ya kamata a fara da sanin abin da ya sauƙaƙa musu aikin. A ranar 20 ga Mayu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar da ta ba magidanci damar karɓar eka 160 na filin gwamnati, bisa sharaɗin ya gina gida a wurin, ya noma shi, ya zauna shekara biyar, ya kuma biya kuɗin rajista dala 18. Idan wa'adin ya cika, sai ya kawo shaidu biyu su tabbatar da cewa ya cika sharuɗɗan, sannan a ba shi takardar mallaka. Da aka ga eka 160 ba ta riƙe iyali a busasshiyar ƙasa, sai aka ɗaga ta zuwa 320 a 1909, aka kuma yi dokar masu kiwo a 1916 wadda ta ba da eka 640. Rabon bai tsaya ba sai a 1976, ban da Alaska inda ya kai 1986, kuma kimanin mutum miliyan 1.6 ne suka sami takardar mallaka ta wannan hanya. Wajibi ne a faɗa cewa ƙasar da aka raba ta 'yan asalin wurin ce, irin su Lakota da Cheyenne, waɗanda aka tashe su da yaƙi da karya alkawari, kuma duk mai rubuta tarihin gida a can da ya tsallake wannan bai yi adalci ba.

Amfanin dokar ga mai bincike shi ne kowane gida ya bar fayil. A cikinsa akwai girman ɗakin da aka gina, da ko an haƙa rijiya, da yawan filin da aka nome, da sunayen maƙwabtan da suka tsaya shaida. Saboda haka jikan makiyayi a Montana ko Nebraska yakan fara ne da fili: ya nemo takardar mallakar kakansa a shafin intanet na hukumar filayen gwamnatin tarayya, daga nan ya nemi cikakken fayil ɗin a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Washington.

Kai ma ka fara da fili da gini, tun suna nan. Ka nemi rasit ɗin da iyalin Yarbawa masu ƙasa suka ba kakanka lokacin da ya sayi wurin ko ya karɓe shi haya, da taswirar mai awon fili, da rasit ɗin harajin gida, da takardar shaidar mallaka idan an yi ta bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Irin waɗannan takardu galibi suna cikin adaka ko akwatin ƙarfe a ɗakin uwargida, a naɗe cikin leda tare da takardun aure da hotunan Makka. Kada ka ce za ka tafi da su, domin nan take za a zaci maganar gado ce ta kawo ka. Ka ɗauki hotonsu da waya a gaban mai ajiyarsu, gaba da baya, ka mayar masa da su kamar yadda ka same su.

Bayan takarda sai ginin kansa, domin shi ma yana magana. Waɗanda suka sauka a filayen Nebraska, inda babu itatuwa, da yankan ƙasa mai saiwar ciyawa suka gina ɗakunansu na farko, yayin da na kusa da duwatsu suka yi da gungumen itace, kuma da ganin kayan gini masana sukan ƙiyasta zamanin gida. A Deer Lodge ta Montana akwai gidan da Johnny Grant ya gina a 1862, Conrad Kohrs ya saya a 1866, wanda a yau gwamnati ke kula da shi a matsayin wurin tarihi tare da garkunansa da rumbunansa. Mu ba mu da wanda zai adana mana zaurukanmu, kuma duk mai zama a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san yadda ake rushe tsohon gida a kafa bene cikin wata shida. Don haka ka zana gidan a takarda, ka auna kowane ɗaki da taku, ka nuna inda rijiya take, da inda turakun dabbobi suke, da ɗakin baƙi, da ɓangaren da aka fara ginawa da laka kafin a zo da bulo. Ka rubuta sunan da mutanen gida ke kiran kowane ɗaki da shi, domin sunan ɗaki yakan riƙe sunan mutumin da kowa ya manta.

Sai babban aiki, wato zama da dattawa, kuma a nan ne muka fi Amurkawa abin dogaro, tunda abin da takarda ba ta riƙe mana ba baki ya riƙe. Kuskuren da na fara yi shi ne na je wurin ƙanwar kakana da littafi da biro, na ce, "Goggo, a wace shekara Baba ya zo Legas?" Ta dube ni ta ce, "Kai yaro, mu shekara muke ƙirgawa a lokacin?" Hirar ta mutu a nan. Da na koma bayan mako guda, na kai mata goro fari, na zauna a tabarma ƙasa da kujerarta, na ce, "Goggo, Allah ya ja kwana, ranar da kuka sauka daga jirgi, wa ya zo tarbarku?" Sai da aka kira la'asar tana ba ni labari, har da launin zanen da take ɗaure da shi, da sunan maigidan da ya sauke su, da yadda ta ji tsoron ruwan saman kurmi da ba ya ɗaukewa.

Abin da na koya shi ne a tambayi dattijo abin da ya gani da idonsa, a bar lissafin shekara ga mai rubutu. Kai ne za ka ɗaura labarin a jikin abin da aka san lokacinsa. Idan ya ce kafin zuwan Sarauniyar Ingila ne, ka san kafin 1956 ke nan. Idan ya ce ana cikin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970 ne. Idan ya tuna cewa da fam da sule aka yi cinikin, to kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo. Masu shanu kuma suna da nasu ma'aunin, kamar farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar bushiya da ta ƙarar da garkuna a 1983. Makiyayan Amurka ma haka suke yi da hunturun 1886 zuwa 1887, wanda ya kashe shanu masu ɗimbin yawa a filayen arewa ya karya manyan masu kiwo, har ya zama tarihin iyalai da yawa ya kasu gida biyu, kafinsa da bayansa.

Ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya, kuma kada zama ya wuce sa'a guda, domin tsoho yakan gaji ya fara amsa maka da abin da yake jin kana son ji. Kada ka tsaya ga maza kaɗai. Matan gida su ne suka dafa wa fatake tuwo, su suka san wanda ya auri 'yar wa, da wanda aka riƙe, da shekarar da ciniki ya karye har aka sayar da kwalla da tasoshi. A ganina rabin tarihin kowane gidan maigida yana wurinsu, kuma shi ne rabin da ya fi saurin ɓacewa.

Daga nan sai ka bi shaidar dabba. A Yammacin Amurka kowane mai garke yana da lalas ɗinsa da ake yi wa saniya da ƙarfe mai zafi, ana yi masa rajista a hukuma, ana kuma buga littattafan da suka tattara alamomin tare da sunayen masu su. Mai bincike yakan bi alama guda ya ga yadda ta tashi daga uba zuwa ɗa, ko ranar da aka sayar da ita ga wani gida. Mu ba mu da irin wannan rajista, amma muna da tsagar kunne da lalas na makiyaya, da alamar fenti da ake shafa wa shanu a kara don a san na wane ne. Ka sa tsohon yaron gidan ya zana maka alamar gidanku a ƙasa, ka ɗauki hotonta, ka tambaye shi irin shanun da aka fi kawowa, ko bunaji ne ko rahaji ko gudali, domin irin saniya yana nuna yankin da gidan yake hulɗa da shi. Ka kuma nemi littafin bashi. Sana'ar maigida a kan amana ta ginu: shi ke sauke bafatake, ya haɗa shi da mahauci ta hannun dillali, ya tsaya lamuni har a biya, don haka gidaje da yawa suna da kundin da malamin gida ya rubuta sunaye da kuɗi da la'ada. Idan da ajami aka rubuta, ka kai wa malamin da ya saba da rubutun da, ya karanta da ƙarfi kana ɗaukar muryarsa.

Hanyar da shanun suka biyo ita ma babi ce mai zaman kanta. Daga 1867 makiyayan Teksas suna koro garkuna zuwa tashar jirgi ta Abilene a Kansas, har zuwa lokacin da layin dogo ya matso kusa da su, wayar shinge mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 kuma ta rufe makiyayar da a da ba ta da iyaka. Namu fataken sun koro shanu da ƙafa ta Jebba da Ilori da Ogbomosho zuwa Ibadan da Abeokuta, suna gaggawar ratsa kurmi kafin sammore ya rame da dabbobin. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka fara lodin shanu a taragu, daga baya tirela ta karɓe aikin. Ka tambayi wace daga cikin hanyoyin nan uku kakanka ya riska, da zangon da yake yada sanda, da inda ake sauke shanun kafin kasuwa ta tattara a Oko-Oba da ke Agege. Amsar za ta ba ka zamaninsa ko da babu takarda ko ɗaya.

Idan ka gama da gida, kana iya leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, wadda ke da reshe a Ibadan cikin harabar jami'a da kuma wani a Kaduna, sai kuma Gidan Arewa da ke Kadunan. Can ake samun rahotannin jami'an mulkin mallaka a kan jangali da fataucin shanu da naɗin sarakunan Hausawa a garuruwan kudu. Ba lalle ka ga sunan kakanka ba, amma za ka ga yanayin da ya yi sana'a a cikinsa. Ka je da sunayen a rubuce ta fuska biyu ko uku, domin Turawa da akawunansu sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji.

Za ka tarar da ruwayoyi masu saɓa wa juna, musamman a kan wanda ya fara zuwa da wanda ya gina gida. Kada ka zaɓi wadda ta fi yi maka daɗi. Ka rubuta duka biyun, kowace da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Haka kuma za ka ji abin da ba na bazawa ba ne, kamar bashin da ba a biya ba, ko rigimar gado, ko asalin wani da iyalinsa ba sa son a tono. Irin wannan ka rubuta shi a littafi dabam, ka shawarci manyan gida kafin ya shiga kwafin da kowa zai gani.

Da ka haɗa abin da ya samu, ko da shafi goma ne, ka rubuta shi da Hausa, ka koma ka karanta wa waɗanda suka ba ka labarin don su gyara. Ka buga kwafi uku a takarda, ɗaya a gidan da ke Legas, ɗaya a aika garinku na asali, ɗaya a hannun wanda ya fi kowa riƙon amana a cikin matasa, muryoyin kuma a ajiye su a wuri biyu ban da wayarka. Lokacin da na karanta wa Goggo nawa, ta tsayar da ni a shafi na biyu ta ce maigidan da ya sauke su ba Bakano ba ne, Bakatsine ne da ya daɗe a Kano, ta kuma aike ni wurin wata tsohuwa a Idi-Araba wadda ita ce 'yarsa ta ƙarshe da ta rage. Ranar Asabar ta gaba na kama hanyar gidanta da goro da littafina.