Kurakuran masu tonon sirrin shiri mai dogon zango daga littafi

Duk shirin da aka gina kan tambayar "wa ya yi kisan?" sai ya haifi malaman hasashe, kuma a Kaduna muna da su birjik. Daga teburin mai shayi a Tudun Wada har ɗakunan ɗalibai a Poli, da zarar zango ya ƙare an bar mutane cikin zulumi, za ka ji wani ya gyara zama ya ce ai shi ya karanta littafin, ya san ƙarshen. Karatun abu ne mai kyau, yana ƙara wa kallo armashi. Inda gizo ke saƙar shi ne mai maganar bai taɓa tambayar kansa wane irin littafi ne a hannunsa ba. Wanda bai gama kallon shirye-shiryen da zan ambata ba ya yi haƙuri, dole in taɓo ƙarshensu.

Littattafan da ake jinginawa da shiri ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wanda ya riga shirin fitowa, daga cikinsa aka ɗauko labarin. Akwai wanda aka rubuta bayan shirin ya yi kasuwa, galibi kamfani ne ke ɗauko marubuci ya biya shi. Sai kuma wanda babu abin da ya haɗa shi da shirin illa an hasko shi a hannun wani jarumi. Ka buɗe bayan bango, ka duba sunan marubuci da shekarar bugu, ka kwatanta da shekarar da aka fara haska shirin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ajin littafin.

Masu riƙe da littafin asali su suka fi cika baki, su ne kuma aka fi kunyatawa. Dubi Pretty Little Liars, wanda aka haska a Amurka daga 2010 zuwa 2017, aka kuma ɗauko shi daga littattafan Sara Shepard, labarin wasu 'yan mata ne da ƙawarsu Alison ta ɓace. A littafi da allo duka, wata mai suna Mona ce ta fara aika wa 'yan matan saƙonnin barazana a ɓoye, sai masu karatu suka saki jiki cewa hanya ɗaya ake bi. A littafi, Alison ce ke da 'yar tagwai mai suna Courtney, saboda haka aka yi shekaru ana rantsuwa cewa ita za a fito da ita. Da kashin ƙarshe ya zo a 2017, tagwaicin na nan, amma an ɗauke shi an ba Spencer, ɗaya daga cikin 'yan matan. Ba abin mamaki ba ne, domin masu shirin sun san akwai dubban mutane da suka haddace littafin, in suka bi shi sau da ƙafa ba wanda zai yi ɗokin mako mai zuwa. Alamar ma ta bayyana tun da wuri ga mai lura: wani saurayi mai suna Toby da ita Mona duk sun mutu a littafi, a shirin kuwa an bar su da rai. Don haka ka riƙa bin wuraren da aka saɓa wa littafin, a nan niyyar masu shirin take ɓuya. Wuraren da aka yi daidai ba su gaya maka komai.

Haka masu kallon Sherlock na BBC suka sha a 2012, da aka nuno jarumin ya faɗo daga rufin wani asibiti a Landan. Suka koma labarin Arthur Conan Doyle na 1893 da na 1903 inda ya dawo da jarumin, amma a can bakin gangaren ruwa ne a Suwizalan, kuma mutumin bai ma faɗa ba. Littafin ya tabbatar musu zai dawo, bai gaya musu yadda ya tsira daga rufi ba.

Na biyun, wato littafin da aka rubuta don shirin, abin tambaya a kansa ɗaya ne: marubucin nan yana zama da masu tsara labarin ko daga nesa aka ba shi kwangila? A 2006 aka fitar da Bad Twin da sunan Gary Troup, wani fasinja na ƙage a jirgin da ya faɗi a shirin Lost, har an nuno Sawyer, ɗaya daga cikin jaruman, yana karanta rubutun a tsibirin da jirgin ya faɗi. Ainihin wanda ya rubuta shi Laurence Shames ne. Mutane suka saya suna tsammanin sirrin tsibirin na ciki, suka tarar da labarin wani mai bincike da aka yayyafa wa sunaye daga shirin irin su Widmore da Hanso. Akasin haka, The Secret Diary of Laura Palmer na 1990 Jennifer Lynch ce ta rubuta, 'yar David Lynch, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka ƙirƙiri Twin Peaks, kuma ya fito kafin a bayyana wanda ya kashe Laura Palmer ɗin a shirin. Wannan ya cancanci a tsefe shi layi-layi. Duk da haka, in littafi ya ce kaza allo ya ce kaza, maganar allo ake ɗauka.

Kuskuren da ya fi cin lokacin mutane yana wajen nau'i na uku. A zango na biyu na Lost an hasko The Third Policeman na Flann O'Brien na ɗan lokaci. A wannan littafin mai ba da labarin ashe matacce ne, sai jama'a suka ɗauka an gama magana: duk fasinjojin sun mutu tun faɗuwar jirgi. Da shirin ya ƙare a 2010, an faɗa ƙarara cewa abin da ya faru a tsibirin ya faru da gaske, amma har yau akwai masu musu. True Detective na 2014 ya fi wannan ban takaici. An ambaci wani wuri mai suna Carcosa da wani sarki mai launin rawaya, sai aka yi ca a kan The King in Yellow na Robert W. Chambers, littafin 1895, ana jiran dodo ko aljani, wasu ma suka ce ɗaya daga cikin jami'an binciken ne sarkin. Makashin kuwa tun kashi na uku aka nuna shi, a kan injin yankan ciyawa a harabar wata tsohuwar makaranta, har ɗaya daga cikin jami'an ya tsaya ya yi masa tambayoyi ya wuce. An bar jaki ana dukan taiki. Irin wannan littafi yanayi yake nuna maka, wato irin tsoro ko ruɗanin da marubucin ke so ka ji, ba sunan mai laifi ba. Ka karanta shi don wannan, sannan ka koma ka sake kallon kashi-kashi na farko, kana lura da mutanen da kyamara ta ɗan daɗe a kansu ba gaira ba dalili.

Akwai kuma kuskuren da namu ne na gida. Da yawa ba littafin suka karanta ba, taƙaitawar wani suka gani a zauren WhatsApp, shi ma daga wani ya kwafo. Wasu kuma shirin ne bai cika ba. Ka je shagon masu tura fina-finai a Kawo ko Rigasa ka miƙa memori, yaron ya ce, "Yaya, duk na zuba maka," ka iso gida ka tarar daga kashi na shida an tsallaka na takwas, ko an sa maka fassarar da mai magana ke ƙara nasa barkwancin a kan zancen jarumai. Hasashen da aka gina a kan haka ba inda za shi. Kafin ka bar shagon ka ƙirga, ka san kashi nawa zangon yake da su. In kuma tsohon littafi ka saya wajen masu bazawa a bakin titi, fara duba shafukan ƙarshe ko suna nan, amma lambar shafi kawai za ka kalla.

Mai hasashe yakan tara abin da ya goyi bayansa ya kau da kai daga sauran. Maganinsa ɗan littafin rubutu: gefe ɗaya hujjojinka, ɗaya gefen abin da ya rushe su, kowanne da lambar kashi ko shafi. In ka ce wance ce ta yi kisan, rubuta inda take a daren, da wanda ya gan ta. Sannan in za ka kai maganar majalisa ko zaure, fara tambayar inda kowa ya tsaya, ka kuma bambance musu abin da ka gani a allo da abin da ka tsinto a littafi, don wanda ke zango na biyu ya samu damar tashi kafin ka fara.